Sito Maƙare, Kanta Wayam: Yadda Target Ya Karye a Kanada

A ranar 5 ga Maris 2013 kamfanin Target na Amurka, mai manyan shagunan sayar da kayan masarufi, ya buɗe rassansa 3 na farko a Kanada, a garuruwan Guelph da Milton da Fergus na lardin Ontariyo. A ranar 12 ga Afrilu 2015 aka garƙame na ƙarshe cikin rassa 133. Shekara 2 ke nan da wata 1 da 'yan kwanaki. Ma'aikata wajen 17,600 suka rasa abin yi, uwar kamfanin kuma da ke Minneapolis ta shafe kimanin dalar Amurka biliyan 5.4 daga littafinta.

Masu sayayya sun riƙa shiga suna tarar da kanta wayam, har suna ɗaukar hotuna suna yaɗawa a intanet. A daidai lokacin kuwa manyan sito 3 na kamfanin sun cika sun batse, har sai da aka kama hayar wasu wuraren ajiya na wucin gadi. Kaya na nan, mai saye na nan da kuɗinsa, tireloli na nan. Igiyar ta tsinke ne a wuri biyu: bayanan da aka zuba wa kwamfuta, da rashin wanda zai miƙe a sama ya ce a dakata.

Ranar da aka tsayar kafin a san aikin

Tushen lamarin ciniki ne na watan Janairu 2011. Target ya amince ya biya kamfanin Hudson's Bay dalar Kanada biliyan 1.825 don ya karɓi hayar wurare har 220 na shagunan Zellers, waɗanda kasuwarsu ta riga ta ja baya. A takarda cinikin ya yi kyau, domin samun manyan wurare da yawa haka a lokaci guda abu ne mai wuya a Kanada. Sai dai daga ranar da aka karɓi makullai, kuɗin haya ya fara ci, ko an sayar da allura ko ba a sayar ba. Ga kuɗin gyara, kusan dala miliyan 10 kowane reshe. Saboda haka aka yanke cewa kafin 2013 ta fita sai an buɗe rassa 124, wato a tsakaice kusan reshe 3 kowane mako daga Maris zuwa ƙarshen shekara.

A lura da jerin yadda abubuwan suka zo. An biya kuɗi, an sanar wa masu hannun jari rana, sannan aka juyo ana tambayar wace manhaja za ta riƙe kayan. Duk matsalar da ta biyo baya, da wannan ranar ake auna ta. Tambayar da ake yi ita ce yaya za a lallaɓa a kai ranar, maimakon ko aikin ya nuna.

A wancan lokacin, a Amurka, Target na da rassa kusan 1,800 da manhajojin da ya gina wa kansa cikin shekaru masu yawa, ma'aikata sun san lagonsu. Kai su Kanada na bukatar a koya musu dalar Kanada da haruffan Faransanci, aikin da aka ga zai ci lokaci. Sai aka sayi SAP, manhajar Jamus da manyan kamfanoni ke tafiyar da oda da ajiya da kuɗi a kanta, aka ɗauko kamfanin ba da shawara Accenture ya taimaka wajen dasawa, aka ba aikin kimanin shekara 2. Gargaɗi kuwa na nan a fili a cikin ƙasar. Sobeys, babban kamfanin shagunan kayan abinci na Kanada, ya yi watsi da SAP a 2001 bayan na'urarsa ta tsaya cak na kwanaki a lokacin cinikin ƙarshen shekara. Takwaransa Loblaw ya fara nasa a 2007 ya kuma zarce lokacin da ya ɗiba da shekaru. Waɗannan tsofaffin 'yan gida ne, masu tarihin ciniki da ƙwararrun ma'aikata. Target baƙo ne, kuma bayan SAP ya haɗo Manhattan don tafiyar da sito, da JDA don hasashen ciniki da cike gurbin kaya, da Retalix don injinan karɓar kuɗi. Sababbin manhajoji 4 daga kamfanoni 4, a hannun sababbin ma'aikata, a sabuwar ƙasa. Sito 3 ɗin ma, a Milton da Cornwall da kusa da Calgary, wani kamfani ne daban, Eleven Points Logistics, ke gudanar da su.

Inci da santimita

A nan ne zuciyar lamarin take, kuma wuri ne da manya ba sa son leƙawa domin aikin akawu ne. Kafin a iya yin odar ko da sabulu ɗaya, sai an buɗe masa shafi a manhaja: sunan mai kawo kaya, lambar da injin ke karantawa, tsawo, faɗi, tsayi, nauyi, guda nawa a kwali, kwali nawa a katan, katan nawa a kan katakon lodi, farashin saye da irin kuɗin da za a biya, lambar kwastam idan daga waje kayan zai shigo. Gurabe ne gommai ga kowane kaya. Target na da kaya iri kusan 75,000 da za a buɗe wa shafi, aka kuma danƙa aikin ga ƙananan ma'aikata, da yawansu ba su daɗe da gama makaranta ba, da horon 'yan makonni. Bayanin daga masu kawo kaya suke karɓa, su kuma masu kawo kaya ba kullum suke aiko daidai ba.

Binciken da mujallar Canadian Business ta wallafa a 2016, bayan ta zanta da tsofaffin ma'aikatan, ya nuna irin kurakuran: awo da inci a gurbin santimita, faɗi a gurbin tsawo, kuɗin wata ƙasa a gurbin na wata, gurabe babu komai, da tuntuɓen yatsa iri-iri. Wani ƙiyasi na cikin gida ya nuna kashi 30 cikin 100 ne kawai na bayanan ke daidai, alhali a Amurka kashi 98 zuwa 99 ne.

Wanda ya ji kashi 30 zai ɗauka sakarkaru aka tara. Lissafi bai nuna haka ba. A ɗauka kowane kaya na da gurbi 50. Kaya 75,000 sun ba da gurbi miliyan 3.75 da za a cike da hannu. A ɗauka kuma ma'aikaci na da kula sosai, cikin gurbi 100 sau 2 kawai yake kuskure. Yiwuwar shafi ɗaya ya fita babu kuskure ko ɗaya a gurabe 50 ɗin bai wuce kashi 36 cikin 100 ba. Wato ko mai kula ne, idan babu abin da ke tace aikinsa, kusan shafi 2 cikin 3 za su fita da tabo. Manhajar kuwa yadda aka dasa ta, duk abin da aka rubuta mata karɓa take yi, ba ta tsayar da kowa.

Kuskuren awo ya fi kowanne cizo, domin ninkuwa yake yi. Inci 1 santimita 2.54 ne. Katan mai inci 20 ta kowane ɓangare, idan aka rubuta 20 a gurbin santimita, manhaja za ta ɗauka ya fi ainihinsa ƙanƙanta sau 16 da ɗoriya, domin kuskuren ya shiga tsawo da faɗi da tsayi gaba ɗaya. Da wannan awon za ta lissafa katan nawa kwantena za ta ci, wane gurbi za a ware masa a sito, da guda nawa za su hau kanta. Sai kaya su iso tashar jirgi a can ƙetare su ƙi shiga kwantenar da aka yi musu oda. Waɗanda suka shiga, idan lambar kwastam ba ta cika ba, su maƙale a kan iyaka. Waɗanda suka kai shago, ma'aikaci ya ɗauko zanen jera kaya da hedikwata ta aiko, ya ga an ce guda 12 a layi, kanta kuma 5 take ɗauka.

Da aka farga, a kakar 2012, sai hedikwatar sashen Kanada da ke Mississauga ta ajiye sauran ayyuka aka yi abin da suka kira makon bayanai. Kowane mai kula da sashe ya bi kayansa ɗaya bayan ɗaya yana tabbatarwa da masu kawo kaya, gyaran kuma a tura wa 'yan kwangila a Indiya su ɗora a manhajar. An rage ɓarnar, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Buɗewa saura 'yan watanni, sababbin kaya na ci gaba da shigowa ta ƙofar da ba ta da mai gadi, kuma ranar ba ta motsa ba.

Abin da ke faruwa a bakin sito

Sito na zamani ba ya karɓar kaya da ido. Tirela ta tsaya, a karanta lambar katan, Manhattan ta tambayi SAP me ake jira. Idan amsar ta dace da abin da ke ƙasa, katan ya hau bel ya tafi gurbinsa ko ya wuce kai tsaye zuwa motar reshe. Idan ba ta dace ba, sai a ture shi gefe.

Misali, an yi odar kofi 1,200, an rubuta za su zo katan 12, kowanne da 100. Mai kawo kaya ya aiko katan 8, kowanne da 150. Kofi 1,200 sun cika cif, babu wanda ya ci kuɗin wani. Amma a wurin manhaja wannan lodin ba shi ne ake jira ba, don haka ba za ta shigar da shi ba. Kofunan na zaune a kan siminti, a littafi kuma ba su iso ba. Reshen da ke bukatarsu ba za a tura masa ba, mai oda a hedikwata kuma yana iya ganin giɓi ya sake yin wata odar. Kowane irin wannan lodi sai mutum ya zo ya buɗe, ya ƙirga, ya kira hedikwata a gyara shafi. Idan 10 ne a rana, ana iyawa. Idan ɗaruruwa ne, wurin ture kaya ya cika, ƙofofin sauke kaya su toshe, tireloli su yi layi a waje, har kayan da ba su da laifi su rasa hanyar shiga.

A kan wannan aka ɗora yawan oda. Manhajar hasashe irin JDA da tarihin ciniki take aiki: me aka sayar a wannan reshe, a wannan mako, bara da bara waccan. Target ba shi da ko mako ɗaya na tarihi a Kanada. Sai aka ciyar da ita da buri, aka ɗauka tsohon wurin Zellers zai yi ciniki irin na reshen Amurka da zarar an canja allo. Kamfanin ya gaya wa masu zuba jari yana hangen cinikin dala biliyan 6 a shekara zuwa 2017. Aka yi odar kaya daidai da burin, da yawa daga ƙetare, watanni kafin lokaci, ba halin fasawa. Ciniki ya zo ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Kayan da ba a bukata suka cinye wurin waɗanda ake nema.

Makunnin da aka kashe

Mai tireda da ido yake cike gurbi: ya ga sukari ya yi ƙasa, ya aika a ƙaro. Shago mai kaya dubbai kwamfuta ce idonsa. Injin kuɗi ya cire abin da aka sayar daga lissafin reshe, lissafin ya sauka ƙasa da iyakar da aka sa, oda ta tafi sito da kanta. Wannan na aiki ne idan lissafin farko daidai ne, kuma injin kuɗi na faɗin gaskiya. Injinan Retalix kuwa sun riƙa daskarewa, suna nuna farashin da ba shi ba, na biya-da-kanka kuma wani lokaci su ba da canjin da ba daidai ba.

Amma abin da ya fi ba da mamaki ba na'ura ce ta yi shi ba. Ana auna matasan da ke kula da kaya a hedikwata da abu ɗaya: kashi nawa na kayansu ke nan a shago. Manhajar na da makunnin cike gurbi ga kowane kaya. Idan yana kunne kayan ya ƙare, rahoto zai nuna babu, makin ma'aikaci ya faɗi. Idan aka kashe shi, kayan ba zai fito a jerin waɗanda suka ƙare ba. Sai wasu suka riƙa kashewa. Rahoton da ke hawa sama ya yi fes, kanta kuma ba abin da ke zuwa mata, tunda makunnin da ke kiran kaya shi ne aka kashe. Sai a 2014 aka gano, aka ƙera rahoton da ke nuna duk kayan da makunninsa ke kashe.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da aka ba horon 'yan makonni, aka ɗaura makomarsa a kan lamba ɗaya, aka kuma bar makunnin lambar a hannunsa ba mai dubawa, abin da zai yi sananne ne. Wannan giɓi ne na sa ido a cikin gida, irin wanda sashen bincike da kwamitin binciken kuɗi na daraktoci suke domin toshewa. Maganinsa ma ba tsada: a ɗauki rassa 5 ko 10 ba tare da sanarwa ba kowane mako, a bi kanta da ƙafa da jerin kaya 200, a ƙirga gurbi nawa ne babu komai, a ajiye lambar kusa da ta kwamfuta. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce rahoton da ya cancanci teburin shugaba.

Lambobin shekarar farko ba su ɓoye komai ba. A shekarar kuɗi ta 2013 sashen Kanada ya yi cinikin dalar Amurka biliyan 1.3, ya yi asarar miliyan 941 kafin ruwa da haraji. A zangon ƙarshe na shekarar, wanda ya haɗa da Kirsimeti, ribar da ke kan kaya ta sauka zuwa kashi 4.4 cikin 100, saboda karya farashi don a rage tulin da ke sito. A Amurka ta kan kai wajen kashi 30. Ga kuma ƙorafin farashi: mutanen Kanada da yawa sun saba tsallaka iyaka su yi sayayya a Target na Amurka, sun san farashin can, suka ga na gida ya fi tsada, Walmart kuma na nan kusa ya daɗe da kafuwa.

Wa ke da ikon cewa a tsaya?

Gregg Steinhafel, wanda ya jagoranci shiga Kanada, shi ne babban jami'in zartarwa na uwar kamfanin, shi ne kuma shugaban kwamitin daraktocin da ya kamata su tuhume shi. Haɗa kujerun nan biyu ba baƙon abu ba ne a kamfanonin Amurka, amma a aiki irin wannan illarsa a bayyane take: mai shirin shi ke tsara ajandar taron da za a tambayi shirin. Tony Fisher, shugaban sashen Kanada, ɗan gida ne da ya taso a kamfanin, aka aiko shi da rana a hannu. Tsofaffin ma'aikata sun ba da labarin cewa kafin buɗewa an nuna damuwa a tarurruka, amma shawarar ci gaba ita ta tsaya. Ɗage buɗewa na nufin biyan hayar wurare babu ciniki da albashin ma'aikatan da aka riga aka ɗauka, ga kunyar komawa gaban masu hannun jari. Wannan asara ce da ake iya rubutawa a lamba tun a ranar. Asarar buɗewa da ruɓaɓɓun bayanai kuwa ba ta da lamba sai bayan ta auku, shi ya sa a irin wannan taro kullum ita ke shan kaye.

Abin da ke daidaita ma'aunin shi ne sharaɗin da aka rubuta tun kafin zafi ya zo, daraktoci suka sa hannu. Alal misali, ba za a buɗe zango na gaba ba sai samfurin shafukan kaya da aka auna da tef da sikeli ya nuna daidaito sama da kashi 95, sai kayan da ake turewa gefe a sito sun sauka ƙasa da wani adadi, sai rassan gwaji sun yi watanni oda na tafiya da kanta ba a sa hannu ba. Wanda zai kawo waɗannan lambobi kuma kada ya kasance a ƙarƙashin wanda ake auna shi da ranar buɗewa. Rassa 3 na gwajin Target ba su samu wannan damar ba. Kafin Maris ɗin ta fita an buɗe wasu da dama, don haka gwajin suna ne kawai, babu lokacin da abin da aka koya zai canja wani abu.

Haka nan bayanan kaya na bukatar mai su, mutum ɗaya mai muƙami da za a kira da suna idan shafi ya lalace. Tacewa kuma a ƙofa ake yinta: manhaja ta ƙi karɓar shafin da gurbinsa ke fayau, ta tsayar da katan ɗin man goge baki da aka ce ya kai kilo 400, ta kwatanta nauyi da girma, ta tilasta zaɓen ma'auni daga jeri maimakon rubutawa da hannu. Kowane sabon kaya a auna katan ɗinsa na farko a bakin sito kafin a saki odar gaba. Irin wannan matacin Target ya gina daga baya, a 2014, bayan rassa sama da 120 sun riga sun buɗe.

Hankalin Minneapolis ma ya rabu. A Disamba 2013 aka bayyana cewa ɓarayin intanet sun kwashe bayanan katin kuɗi kusan miliyan 40 daga rassan Amurka. Shugabar sashen fasahar sadarwa, Beth Jacob, ta ajiye aiki a Maris 2014. Steinhafel ya sauka a farkon Mayu bayan shekara 35 a kamfanin, makonni 2 bayan haka aka sallami Fisher aka naɗa Mark Schindele. Kamfanin ISS mai ba masu hannun jari shawara ya nemi a kayar da 7 cikin daraktoci 10, saboda kutsen, ba saboda Kanada ba. Duka suka koma kujerunsu a zaɓen watan Yuni.

Schindele ya koma kan tushe: tsaftace bayanai, rage tulin sito, tabbatar da kayan yau da kullum irin su sabulu da man goge baki ba sa yankewa, da gyara farashi. Kanta ta fara cika. Amma mai saye da ya zo sau 2 ya koma hannu rabbana ba ya saurin dawowa, cinikin Kirsimetin 2014 kuma bai kai inda ake so ba. Brian Cornell, wanda aka ɗauko daga PepsiCo a watan Agusta, mutum na farko daga waje da ya shugabanci Target, ba shi ya ƙulla cinikin Zellers ba, don haka babu abin da ya ɗaure shi. Ya duba lissafi ya ce bai ga hanyar da sashen zai fara riba kafin 2021 ba. A ranar 15 ga Janairu 2015 Target Kanada ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi. Uwar kamfanin ta ware dalar Kanada miliyan 70 don ma'aikata su samu albashin aƙalla mako 16, aka fara gwanjon kaya a watan Fabrairu, reshe bayan reshe, har zuwa 12 ga Afrilu.